Masai Mai Kujera Biyu

Wani ne a ƙauyenmu na bakin teku, gwauro, masunci. Ba mugu ba ne. Kansa ne kawai ba ya ɗaukar magana biyu a lokaci guda. In ta biyu ta shigo, sai ta farko ta tashi ta ba ta wuri. Yana da bukkar ganyen kwakwa, da kwalekwale mai yoyo, da taru, da lilon ragar da yake kwana a ciki. Yana kuma da ciwo guda a zuciya, sunan ciwon Edelmira.

Edelmira haƙar kuril take yi, wata ƙumba da ake cin namanta. In ruwan teku ya janye da safe, sai ta shiga dajin laka tare da sauran mata, ƙatuwar taba a baki saboda sauro. Ta cusa hannu har kafaɗa a gindin saiwoyi, tana zaƙulo ƙumbar nan ɗaya bayan ɗaya. Ta fito baƙa ƙirin da laka, idanu kaɗai ke haske. Shi kuwa a lokacin ne ma ya fi ganin kyanta. Kullum sai ya tare ta a hanya, ya cire hula, ya ce, "Ruwa ya janye."

Ita kuma ta ce, "Na gani."

Iyakar zancensu ke nan.

To, wata damina ruwa ya yi yawa, masai suka cika suka haɗu da rijiyoyi, yara suka yi ta gudawa. Sai Malama Otilia, duba-garinmu, ta tara jama'a a gindin mangwaro.

Ta ce, "Garin nan ko kamu biyu ka haƙa sai ka tarar da ruwa. Masai da rijiya sun zama 'yan ɗaki ɗaya. Daga yau an daina haƙa rami. A sama za a gina wa kowa nasa."

Ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce kujera biyu ce a ciki, kowacce da nata akwatin siminti a ƙasa. A yi ta amfani da guda har ta cika, sai a rufe ta, a koma ɗayar, ita kuma ta farkon ta bushe ta zama taki. Ba a zuba ruwa. Kowa ya ji wannan, ban da mutumin namu. Shi yana can yana kallon wata 'yar busasshiyar laka da ta maƙale a bayan kunnen Edelmira, yana tunanin da ma shi ne lakar.

Bai farka ba sai da Malama ta buga hannu a tebur ta ɗaga murya.

"Duk wanda ya kewaya, ya zuba toka gwangwani guda a masai! Ba fashi! Kun ji?"

Ya fi kowa ƙarfin amsawa. "Mun ji, Malama!"

Aka gina. Bulo da siminti, rufin kwano, matakala, shuɗiyar ƙofa har da sakata. Kusa da bukkarsa, sai ka ce gidan gwamna ne ya zo ziyara. Ya hau a hankali, ya tura ƙofa. Sai ga kujeru biyu a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowacce da murfinta. Ya daɗe yana kallonsu. Ya waiwaya ya dubi hayaƙin da ke tashi daga gidan su Edelmira. Ya yi ajiyar zuciya. Ya ja ƙofar a hankali kamar mai gudun tada jariri. Ya yanke wata shawara a ransa, bai gaya wa kowa ba.

Washegari da sassafe ya nufi inda ya saba. Akwai wata lanƙwasasshiyar saiwa a bayan gidansa, a bakin rafin da ke shiga dajin laka, wadda ta san shi ya san ta tun yana yaro. Ya gama abin da ya kai shi. Ya dawo, ya hau matakala, ya cire hula, ya zuba tokar da magina suka bar masa. Rabin gwangwani a hagu, rabi a dama, don adalci. An ce duk wanda ya kewaya ya zuba toka a masai. Ya kewaya, ya zuba. Wa zai ce ya saɓa doka?

Sai dai gwauro ba shi da murhu, balle toka. Murhun da ba ya mutuwa a garin kuwa na Gwaggo Transito ne, mai sayar da wainar masarar da ake kira pupusa, wadda ta riƙe Edelmira tun tana ƙarama. Ya ɗauki gwangwaninsa ya tafi.

"Gwaggo, a taimaka da toka."

Ta dube shi sama da ƙasa tana juya waina a kasko. "Ikon Allah. Duk namijin da ya zo gidan nan, ko pupusa yake nema ko yarinya. Kai ne na farkon da ya zo neman toka. Edelmira! Zo ki ɗebar wa bawan Allah."

Edelmira ta fito, ta karɓi gwangwanin, ta cika, ta miƙa masa. Yatsanta ya taɓa nasa. Ya koma gida bai san ta wace hanya ya bi ba.

Ya zauna ya yi lissafi. In yana son ganinta, sai ya je neman toka. In zai je neman toka, sai wadda ya ɗebo ta ƙare. Ba kuma zai zuba toka ba tare da ya kewaya ba, don shi ba maƙaryaci ba ne. Ashe maganin abin a ciki yake.

Ya fara da ɗanyen mangwaro da gishiri. Ya bi da wake. Ya kora da ruwan kwakwa. Ya haɗa da gwanda. Kafin mako ya zagayo, saiwar nan ta fi kwalekwalensa ganinsa. Safe yana ƙofar Gwaggo da gwangwani, rana yana nan, yamma yana nan.

Gwaggo ta ce, "Kai ɗan nan, cikinka kuwa lafiya?"

"Lafiya lau, Gwaggo. Aiki yake."

"Aiki ko fashi da makami? Ka cinye min tokar da ya kamata ta ishi unguwa."

Masunta a bakin ruwa suka sa masa suna Sarkin Toka. In ya wuce sai su ce, "Ranka ya daɗe, an fito daga fada ne ko yanzu za a shiga?" Shi dai murmushi. Ya rame, idanu sun faɗa, amma fuskar nan fes da farin ciki.

Ana nan sai Malama Otilia ta fito zagaye. Gidan farko ta tarar an sa kaza kwanci a masai. Na biyu an cika shi da buhunan masara, wai ya fi rumbu tsaro. Na uku an jingine injin kwalekwale a ciki an sa kwaɗo. Na huɗu kuwa an yi ta kwarara ruwa, tun daga nesa ta toshe hanci. Ta iso gidan mutumin namu ranta a ɓace.

Ta hau. Ta buɗe. Ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Ba wari, ba ƙuda ko guda. Ta sauko ta zagaya baya, ta buɗe 'yar ƙofar akwatin, ta tona da sanda. Ta ajiye sandar ta sa hannu. Ta murza a yatsu, ta kai hanci.

"Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin wanda ya bushe haka ba. Luƙui kamar gari! Sai ka ce ba a taɓa shiga ba."

Ya sunkuyar da kai don kunya.

"Faɗa min, bawan Allah, mene ne sirrin?"

Ya ce, "Haƙuri, Malama."

Malama ta kusa hawaye. Ta ɗaura masa koriyar tuta a ƙofa. Ta riƙa kwaso mutane daga ƙauyukan tsallake a jirgin ruwa, su hau ɗaya bayan ɗaya, su leƙa, su shaƙa, su sauko suna jinjina kai. Wata tsohuwa ma da ta leƙa sai da ta yi alamar gicciye.

Labari ya kai wa Gwaggo Transito. Ta zo da kanta, ta hau tana nishi, ta shafa kujerun da yatsa, ta duba yatsan. Ta koma gida ta ce wa Edelmira, "Namijin da masai ɗinsa ya fi madafata tsabta, ba a barinsa ya wuce. Wayo dai ba shi da shi, amma wayon me kike nema? Ke kina da na mutum biyu."

Da yamma da ya zo da gwangwani, sai Edelmira ta riƙe gwangwanin ta ƙi saki.

"Kai wai 'ruwa ya janye' kaɗai ka iya faɗa?"

Ya yi tunani mai zurfi. Ya ce, "Yana kuma dawowa."

Ta yi dariya har tokar ta zube mata a ƙafa. Aka sa rana: sai Fada, limamin coci, ya zo bikin masunta bayan damina, a ɗaura a coci. Da sauran watanni.

To, ga inda gizo yake saƙar. Kowace mace da yankinta a dajin laka, kuma yankin Edelmira shi ne wanda rafin bayan gidan mutumin namu ke shiga. Nan kuril ya fi girma. Wata safiya aka ga ta fito da wuri, ba taba a baki, hannu guda a miƙe nesa da jikinta kamar ba nata ba. Ta wuce teku ta wanke da yashi. Ta sake wankewa da lemun tsami. Kwana biyu abin ya maimaita kansa. Rana ta uku dillalin da ke zuwa daga birni sayen kuril ya shinshina kwandonta, ya mayar mata.

"Na wasu zan saya, 'yar'uwa. Naki ya zo da rakiya."

Ta nufi gidan angon nata kamar hadari.

"Akwai wani ɗan iska a garin nan! An gina wa kowa masai, amma shi sai a wurin cin abincina! Wallahi in na kama shi sai na tura kansa a lakar nan. Ko wane ne. Ko kai ne, na fasa auren!"

Ya yi dariya, ya nuna koriyar tuta. "Ni? Ni da tuta?"

Kada ku ce ƙarya yake. Ko a mafarki bai taɓa zargin kansa ba. A ganinsa nasa ruwa ke ɗauka ya fita da shi teku, yanzu haka ma ya kusa Japan. Shi da bakinsa ya ce ruwa yana dawowa, amma bai taɓa tambayar kansa da me yake dawowa ba.

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗauko adda ya wasa. "Bar min shi. Ni zan yi gadi. Wanda ya taɓa sana'arki ya taɓa ni."

Ta dube shi, idonta ya yi laushi. "Ka yi hankali da sauro."

Kullum gari na wayewa yana kan saiwar nan, adda a hannu, ido a buɗe. Ya duba gabas, ya duba yamma. Da yake kuma yana wurin, ga ciki ya saba da aiki, sai ya haɗa gadi da buƙata don kada lokaci ya ɓaci. Ya koma gida ya zuba toka. Ya dawo bakin gadi. Sauro suka mai da fuskarsa kamar bayan kada.

Abin ya ƙaru.

"Ka ga wani?" in ji Edelmira.

"Ko inuwa. Mutumin nan shu'umi ne."

"Jiya ma ya fi na kullum!"

"To ai ka ji. Jiya kuwa ban matsa daga wurin ba."

Ya zargi aladun maƙwabci, aka ɗaure aladu. Ya zargi karnuka. Ya ce ko fatalwar wani masunci ce da ya mutu da ciwon ciki. Gwaggo ta ce fatalwa ba ta cin gwanda, ita kuwa ta ga 'ya'yan gwanda da idonta.

Da abin ya ishi mata, Malama Otilia ta kira taro. A ƙofar masai mai tuta aka yi, don mai laifi ya gani ya ji kunya. Aka sa wa mutumin namu kujera a gaba, kusa da Malama, da addarsa a cinya.

Nan take aka fara nuna juna. Mai kaza ya ce mai masara ne. Mai masara ya ce a tambayi mai inji. Can wata ta ce, "Ku daina kewaye-kewaye. Baba Casimiro ne. Kowa ya san gwiwarsa ba ta hawa matakala."

Baba Casimiro, tsoho tukuf, ya miƙe da sanda. "Ni? Jikokina ke ɗaga ni su ɗora kamar buhun gishiri, kowa yana kallo! Bayan wannan wulaƙancin kuma a ce ni ne?"

"To wa ya ga sun ɗora ka jiya?"

"Jiya ban ji zuwa ba!"

Aka yi caa a kan tsoho. Mutumin namu ya ga idon Baba ya kawo ruwa, zuciyarsa ta karye. Ya miƙe, ya cire hula.

"Jama'a, ku ji tsoron Allah. Ba Baba ba ne."

Malama ta ce, "Ku yi shiru, mai tuta zai yi magana."

"Ba Baba ba ne, ba kuma kowa ba ne a cikinku. Ni shaida ne. Ba tun gadin nan ba, tun ina yaro kullum ina tsugune a kan saiwar nan. Tun da aka fara ba ni toka ma, safe da rana da yamma. Wallahi ban taɓa ganin wani ya zo wurin ba. Ni kaɗai ne."

Wurin ya yi tsit. Har kazar da ke cikin masai ɗin maƙwabci aka ji tana ƙyarƙyara.

Edelmira ta ce a hankali, "Kana tsugune."

"Ƙwarai."

"Kana me?"

"Haba, Edelmira, a gaban Gwaggo? Abin da ake yi a tsugune mana. Amma ni nawa ba ya zama. Ruwa ke tafiya da shi."

Baba Casimiro ya nuna rafin da sanda. "Ya tafi da shi ina, ɗan banza? In ruwa ya ciko, ina rafin nan yake zuwa?"

Mutumin ya bi sandar da kallo. Ya bi rafin da ido, ya lanƙwasa, ya shiga daji, ya tsaya daidai yankin Edelmira. Ya daɗe a haka. Addar ta zame daga hannunsa.

Malama Otilia ta dafe ƙirji. "To masai ɗin fa?"

"Ina ba shi tokarsa, Malama. Ban taɓa fashi ba."

"Abin da na murza a hannuna, na kawo mutane daga tsallake suka shaƙa..."

"Tokar Gwaggo ce. Mai kyau ce, ta itacen mangwaro."

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Murhuna! Wata da watanni ina ciyar da rami!"

Edelmira ta tako har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa kowa ya ja baya.

"An gina maka na bulo. Da rufi, da ƙofa, da sakata. Taku kaɗan daga inda kake kwana. Ka wuce shi ka je ka kashe min kasuwa. Faɗa min dalili guda, kafin in cika alkawarin da na yi wa kanka da lakar nan."

Ya murza hula a hannu. Ya dubi shuɗiyar ƙofar. Kunnuwansa suka yi zafi.

"Kujera biyu ce a ciki."

"Na sani. Sai me?"

"Ɗaya ta miji, ɗaya ta mata. Ranar da na fara ganinsu a jere, ke na tuna. Na ce ba zan fara ni kaɗai ba, taki tana kallona ba kowa. Na ce sai kin tare, mu buɗe tare."

Wani masunci ya faɗo daga kan kwalekwalen da yake zaune. Baba Casimiro ya yi dariya har sai da jikokinsa suka ɗauke shi da gudu suka nufi matakala. Malama Otilia tana ta ihu, "Ɗaya in ta cika a koma ɗayar! Na faɗa! A gindin mangwaro na faɗa!" Ba mai jin ta.

Edelmira kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta juya masa baya. Kafaɗunta dai suna ɗan motsi, ba wanda ya san ko kuka ne ko wani abin. An yi mata alkawarin ɗan kunne a garin nan, an yi mata na injin ɗinki. Ba wanda ya taɓa ajiye mata kujera.

Ya ce da ƙaramar murya, "An fasa ke nan?"

Ba ta dube shi ba. Ta ce, "In ba a ɗaura ba, ba za ka shiga ba?"

"Na riga na yi wa kaina alkawari."

Ta lissafa watannin da suka rage a yatsu. Ta dubi dajin laka. Ta goge ido da bayan hannu.

"Gwaggo, a tura jirgi a ɗauko Fada. Asabar ɗin nan za a ɗaura. Ba don shi ba, don kasuwata."

Gwaggo Transito ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta fizge gwangwanin toka daga gindin matakala ta sa a hammata.

"Yarinya, ki gode wa Allah ba mai kujera huɗu aka gina masa ba. Da sai kin haifi biyu kafin dajin nan ya huta."